Koyo da aikin hannu a aji uku na firamare a Maraɗi

Koyo da aikin hannu hanya ce ta koyarwa wadda yaro yake ƙirgawa, ya auna, ya shuka ko ya ƙera abu da kansa, ba sauraro da hadda kaɗai ba. A Nijar firamare shekara 6 ce, kuma aji uku shi ne ake kira CE1, wanda yake biyo bayan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu. Akasarin ƴan ajin suna da shekara 8 zuwa 9.

Tarihi

Tsarin ya girmi ƴancin kai na 1960. A shekarun 1930, lokacin da Jules Brévié, tsohon gwamnan Nijar, yake gwamna janar na yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, an yaɗa makarantun karkara masu gona da lambu, wasu har da garke. Manufar da aka bayyana ita ce kada boko ya raba yaro da noma. Iyaye da yawa ba su gan shi haka ba. A wajensu an ɗauke yaro daga gonar ubansa ne an kai shi ya yi wa mushe, wato malamin boko, noma, a zamanin da aikin tilas yake nan daram. An watsar da tsarin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma wasu na ganin ƙyamar da ya bari ta daɗe ba ta gushe ba.

Bayan ƴancin kai batun ya dawo ta wata ƙofa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu jihohi da wasu harsuna, da burin haɗa karatu da rayuwar gari. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka shigar da darasin ayyukan hannu da na samar da amfani, wanda malamai ke kira APP, cikin manhajar firamare. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta tabbatar da matsayin harsunan ƙasa a makaranta.

Lissafi

Nan ne aikin hannu ya fi zama da gindinsa, domin kayansa ba sa cin kuɗi. Yara kan zo da tsinke ko guntayen karan gero, a ɗaure su goma-goma, ɗauri goma kuma ya zama ɗari. Da su ake nuna aro a ɗebewa: yaro ya kwance ɗauri ɗaya, ya ga goma ta watse a gabansa. Tsakuwa, marafan kwalba da ƙwallon dabino ma suna shiga. Akwai kuma aikin allo da alli, wanda asalinsa makarantar La Martinière ce ta birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarni na 19: malam ya faɗi tambaya, ya buga tebur a rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga allonsa.

Wasan kanti yana da wani amfani na daban a gari mai kasuwanci irin Maraɗi. Yaron da yake talla da dala yake lissafi, littafi kuwa da faran yake magana, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Abin da littafi ya rubuta 100, yaro dala ashirin ya san shi. Malamai kan yanka kwali su yi kuɗin wasa don daidaita lissafin biyu. Haka ake kwatanta tiya da kilo, a kwatanta taki da kamu da mita.

Lambun makaranta

Shekarar karatu takan fara a Oktoba ta ƙare a Yuni, damina kuwa a hutu take faɗawa. Saboda haka lambun makaranta noman rani ne, sai inda akwai rijiya ko famfo, da shingen da zai hana awaki. Ana shuka salati, tumatir, kabeji, yakuwa da zogale. Ƴan aji uku ban ruwa da auna fangali suka fi yi, da lura da tsirar wake a gwangwani.

Ƙere-ƙere

Ginin yumɓu, saƙar kaba da ɗinki. Ya danganta da malami da abin da kwamitin makaranta ya samar.

Matsaloli

Cunkoso ne kan gaba, sai rashin wurin ajiya, musamman a azuzuwan zana da ake sake kafawa kowace shekara bayan girbi. A Nuwamban 2021 gobara a irin waɗannan azuzuwa ta halaka ƙananan yara fiye da 20 a birnin Maraɗi. Wasu iyaye har yanzu suna ɗaukar lambu a matsayin ɓata lokacin karatu. Kan harshen da ya dace a yi waɗannan darussa da shi, Hausa ko Faransanci, ra'ayi ya rabu.