Jar fitila a gasar ɗaga ƙarfe: abin da doka ta ce, da abin da ba ta ce ba

Duk lokacin da aka kammala wata babbar gasar fawaliftin, wato wasan gwada ƙarfi ta ɗaga ƙarfe mai nauyi, sai bidiyo ya fara yawo: ga ɗan wasa ya ɗaga ƙarfe ya miƙe tsaf, amma fitilu sun nuna ja. Nan take sai ka ji ana cewa alƙalai sun yi son kai, ko kuma an haramta lanƙwasa baya a kan benci. Har akwai masu horo da suka fasa shiga gasa don tsoron a kore su kan laifin da ba su sani ba. Yawancin wannan magana rashin sanin doka ne.

Dokar da nake magana a kai ita ce ta IPF, hukumar fawaliftin ta duniya da aka kafa a 1972. Ta shafi maza da mata, matasa da dattawa, masu rigar taimako (matsattsiyar riga mai tallafa wa jiki wajen ɗagawa) da marasa ita. Gasar masu buƙata ta musamman tana da hukumarta da ƙa'idojinta daban, haka ma ɗaga ƙarfe sama da kai na wasannin Olamfik.

Ɗagawa uku ake yi: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, turawa a kwance bisa benci, da cira daga ƙasa. Kowace ana ba ka dama uku. Alƙalai ma uku ne, babba ɗaya da biyu a gefe, kowa da fitilarsa, fara ko ja, kuma tare suke kunnuwa don kada wani ya kwaikwayi wani. Masu cewa jar fitila ɗaya ta kashe ɗagawa sun yi kuskure. Farare biyu sun isa, kuma kilo ɗin da aka rubuta maka daidai yake da na wanda ya samu farare uku.

Alƙalin da ya ba da ja yakan ɗaga kati, ja ko shuɗi ko rawaya, don a san dalili. Ba korar ɗan wasa yake nufi ba. Yana faɗin irin kuskuren ne kawai: ƙarancin zurfi, ko ƙarfe ya yi ƙasa bayan ya fara hawa, ko ka riga umarnin alƙali.

A tsuguno, doka na so saman cinya, daidai mahaɗarta da kwatangwalo, ya sauka ƙasa da saman gwiwa. In sun yi daidai wa daida, bai kai ba. Wannan ne ya fi jawo rigima, domin kyamarar da ke gaba ko a sama ba ta ganin abin da alƙalin gefe ke gani daga kujerarsa. Mai kaurin cinya zai iya zama kamar ya nutse alhali da saura, siriri kuma ya kai amma bidiyo ya nuna akasin haka. Ban ce alƙalai ba sa kuskure ba. Suna yi, kuma shi ya sa ake da kwamitin juri a manyan gasa, wanda ke da ikon juya hukunci idan kuskuren ya fito fili.

Sai dokar gwiwar hannu a turawa bisa benci, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Kafin ta, wasu kan banƙare baya sosai, su kama sandar da faɗi, har tazarar da ƙarfen zai yi daga ƙirji zuwa miƙewar hannu ta zama 'yar kaɗan. Sabuwar dokar ba ta hana banƙarewa ba. Abin da ta ce shi ne, idan ƙarfe ya sauka a ƙirji, ƙasan gwiwar hannu dole ya zo daidai da saman kafaɗa ko ya yi ƙasa da shi. Ka lanƙwasa bayanka yadda jikinka ya ba ka, muddin kai da kafaɗu da ɗuwawu na kan benci, tafin ƙafa na shimfiɗe a ƙasa, kuma gwiwar hannu ta kai inda aka ce.

A ganina manufar tana da kyau, don wanda ya zo kallon ƙarfi yana so ya ga ƙarfe ya yi tafiya. Amma akwai wanda ta danne: mai gajeren hannu da faɗin ƙirji, wanda halittarsa ce haka, ba dabara ba. Shi sai ya matse kamunsa ya rage nauyi kafin ya cika sharaɗin. Ga shi kuma ana so alƙali ya auna gaɓoɓi biyu da ido cikin daƙiƙa ɗaya, ta bayan tsoka da riga. Wannan nauyi ne babba a kan mutum, kuma yana damuna.

Hukuncin da ya kamata a ji tsoro ba jar fitila ba ce. Sakamakonka jimillar mafi nauyin abin da ka ci ne a ɗagawa ukun. Idan ka faɗi dama uku a ɗagawa guda, ba ka da jimilla, ko da kai ne ka fi kowa a sauran biyun. Kuma idan ka faɗi, ba a rage maka nauyi: ko ka maimaita, ko ka ƙara. Shi ya sa masu horarwa ke nacewa a buɗe da abin da mutum zai ɗaga ko a ranar da ba ya jin daɗin jikinsa. Minti ɗaya gare ka ka fara bayan an sanar an shirya ƙarfe, kuma a benci umarni uku za ka jira: na farawa, na turawa, da na ajiyewa. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, sun tura ƙarfen lafiya lau amma sun mayar da shi mazauninsa kafin alƙali ya buɗe baki.

Dakatarwa ta shekaru kuwa tana zuwa ne ta hanyar ƙwayoyin ƙara kuzari, inda IPF ke bin tsarin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan irin waɗannan ƙwayoyi a wasanni, kuma hukuncin kan kai shekara 4. Saɓani kan yadda ake wannan gwajin ne ya sa IPF ta cire ƙungiyar USAPL ta Amurka daga cikinta a 2021.