Rabon ruwa a Kwarin Hadeja da Jama'are

Kwarin Hadeja-Jama'are-Komadugu-Yobe yanki ne da ruwansa ke gangarawa zuwa Tafkin Chadi, ya ratsa jihohin Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, ya kuma taɓa yankin Diffa na Nijar. Kogin Hadeja da na Jama'are suna haɗuwa kafin Gashuwa su zama kogin Yobe.

Tarihi

Kafin a gina madatsu, ambaliyar damina ce ke raba ruwan. Takan malale dausayin Hadeja da Nguru a watannin Agusta da Satumba, a noma shinkafa, a kama kifi, ruwa ya janye makiyaya su shigo da dabbobi. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka kammala wajajen 1974, domin noman rani a Kadawa da kuma ruwan shan birnin Kano. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kwaruruka, aka ba Hukumar Hadeja-Jama'are mai hedikwata a Kano kula da saman kwarin, ƙasansa kuma ya faɗa hannun Hukumar Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Madatsun biyu ne ke riƙe da mafi yawan ruwan kogin Hadeja.

Yadda ake lissafin ruwa

A ƙarshen damina ake duba abin da madatsa ta tara, a cire wanda rana za ta ƙafar da wanda zai tsiyaye ƙasa, sauran a kasafta wa ruwan sha, gonakin Kadawa da na Auyo, da mutanen ƙasan kogi. Lissafin yana buƙatar ma'aunan ruwa a gaɓa, kuma da yawansu sun daɗe da lalacewa.

Babbar illar ta zo ne daga ruwan da madatsun ke saki da rani. Hanyoyin da a da suke bushewa sai suka riƙa zama da ruwa shekara cur, ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ita da yashi suka toshe tsohon kogin Hadeja da mashigin Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma ya cinye gonaki da ƙauyuka wajen Nguru, alhali wasu garuruwan na ƙasa suna jiran ruwa bai iso ba. Tsuntsayen jan-baki ma a cikin kachallar suke kwana, su wayi gari a gonakin shinkafa.

Kuɗi

Hukumomin biyu sun dogara ne ga kasafin tarayya. Kuɗin ruwa da manoma ke biya ba ya isa yashe magudanai da gyaran ƙofofi, kuma sabon gini ya fi samun gurbi a kasafi a kan gyara. A 2006 gwamnonin jihohin shida suka amince a Damaturu da kafa asusun haɗin gwiwa na kwarin. Bankin Duniya ya amince da shirin inganta noman rani na TRIMING a 2014, wanda ya gyara magudanan Kano da Hadeja, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su karɓi kuɗi su kula da ƙananan magudanai.

Taƙaddama

Aikin gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ya tsaya shekara da shekaru. Bauchi na so, Yobe da Borno na tsoron ƙafewar kogi. Najeriya da Nijar kuma suna da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da suka yi tarayya a kai.