Duba Lafiyar Ɗalibai a Ƙauyukan Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake dubawa?

Ido, kunne, tsawo da nauyi, fata, da ɗabi'a. A gwajin ido yaro zai tsaya mita 6 daga allon gwaji, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Wanda bai iya boko ba a kawo masa allon harafin E, ya riƙa nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka fuskanta. In ya kasa layin 6/12, wato layin allon da mai lafiyar ido ke iya karantawa daga mita 12, sai asibiti. A ƙauyukan bakin ruwa na Epe da Badagry dole a tambayi fitsarin jini, wato tsargiya. Maganinta praziquantel ne, da sandar awon tsawon yaro ake ƙayyade yawansa, kuma sai yaro ya ci abinci, in ba haka ba jiri da amai su biyo baya. Saboda haka kada a sa ranar rabo cikin azumi.

Ina aka fi yin kuskure?

Wajen duba ɗabi'a. Yaron Bahaushe a ajin da ake Yarabanci da Turanci kan yi gum, sai a rubuta masa daƙiƙanci, alhali harshe ne ya ɗaure shi, ko kunnensa ke zubar da ruwa. Yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban babba kunya ce da tarbiyya. Takardar auna ɗabi'ar yara ta SDQ mai tambayoyi 25 tana da amfani, amma a yi tambayoyin da Hausa, a ji ta bakin uwa, ba ta malami kaɗai ba.

Akwai kuma yaron da kan ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai ji ba, ya dawo kamar ba komai. A gida a ce iska, a aji a ce rashin ji. Yana iya zama nau'in farfaɗiya, kuma tana jin magani.

In iyaye suka ƙi fa?

Mutanenmu ba su manta gwajin maganin sanƙarau na Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kada a raina tsoronsu. A fara da Sarkin Hausawa da liman, a faɗi abin da za a taɓa, a nemi izini. Mace ta duba 'yan mata bayan labule. Sakamako a hannun iyaye, ba a karanta shi a aji.

Sai me?

Gwajin makaranta tankaɗe ne kawai, likita ke tabbatarwa. A ba da takardar zuwa cibiyar lafiya mafi kusa. Matsalar ɗabi'a mai nauyi kuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Bayan mako biyu malami ya tambaya ko an je, domin kuɗin mota ko na kwalekwale ke hana da yawa.