Me ake nufi da "barn find" da ake ta ambata a harkar tsofaffin motocin Amurka?

In kana yawan shiga YouTube ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: wani bature ya buɗe ƙofar wata tsohuwar rumfa ta katako, ƙura ta tashi, sai ga mota a ciki tayoyi sun sace har sun nutse a ƙasa, kashin tsuntsaye ya rufe gilashi, shi kuwa sai murna yake kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. To wannan motar ita ce barn find. Barn shi ne babban ɗakin nan na gona da manoman can ke ajiye ciyawa da dabbobi da tarakta, find kuma tsintuwa, wato dai motar da aka tsinto a ajiye bayan shekaru talatin ko arba'in an manta da ita. Yanzu kalmar ta faɗaɗa, ko a gareji aka same ta ko bayan gida ƙarƙashin tamfol, sunan dai ɗaya ne.

Ba kowace tsohuwar mota ake yi wa wannan rawar kai ba fa. Mafi yawa akan muscle car ne, wato motocin Amurka masu ƙofa biyu da aka cusa wa ƙaton injin mai silinda takwas, waɗanda suka yi tashe daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Galibi ana cewa Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe fagen, lokacin da injiniyoyin kamfanin Pontiac, su John DeLorean, suka ɗauki injin lita 6.4 suka dasa a bodin matsakaiciyar mota. Daga nan kowa ya shigo, Dodge Charger, Plymouth Road Runner ta 1968, Chevrolet Chevelle SS ta 1970 wadda wani samfurinta ke da ƙarfin doki 450, ga kuma ƙannensu irin su Mustang da Camaro. Na samari ne, ba tsada sosai, ga gudu ga ƙara, mai kuwa kamar ana zuba shi a rariya.

Abin da ya kashe musu kasuwa shi ne ya kai su rumfa. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa kuɗi, dokar tsaftar iska ta 1970 ta tilasta aka rage wa injinan ƙarfi, sai kuma a Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, layi ya cika gidajen mai. Wa zai riƙe mota mai shan mai haka? Wasu suka sayar da arha, wasu suka tura ta lungu da niyyar "zan gyara wata rana", aure ya zo, yara suka zo, wata ranar ba ta zo ba har mai motar ya tsufa ko ya rasu, magada suka tarar da ita.

Wanda ya saye ta don ya farfaɗo da ita, a bakinsu ya sayi project car kenan, motar aiki, wadda za ka yi shekaru kana zuba mata kuɗi da lokaci kafin ta hau titi. A nan ne sabon shiga ke cin ƙasa, don shi hankalinsa na kan injin, zai tashi ko ba zai tashi ba. Alhali injin shi ne mai sauƙin. Ko ya kafe, a cire filogi a zuba man inji a cikin silinda a bar shi ya jiƙa kwanaki, a wanke tanki da kabureta don tsohon fetur yakan koma kamar danƙo, a canza wayoyin da ɓeraye suka ci, in ya ƙi a sauke shi a yi masa aiki, kayan gyara har yau ana ƙera su sababbi. Tsatsa ce matsalar. Jihohin da ake dusar ƙanƙara irin su Michigan da Ohio gishiri ake watsawa a titi lokacin sanyi, gishirin nan ya cinye ƙasan mota, sai ka ɗaga kafet ka hango ƙasa ta ramin, ka buɗe but ka ga inda safaya take zama ya zama kamar matankaɗi, in kuma ta kai ga shasi to aikin walda da na mai gyaran bodi kaɗai zai iya fin kuɗin motar. Shi ya sa motar Arizona ko Kalifoniya ta fi daraja, rana ta ƙone fenti da kujeru amma ƙarfe na nan garau. Masu wayo har maganaɗisu suke zuwa da shi, su riƙa manna shi a jikin mota, duk inda ya ƙi kamawa an cike wurin da fila ne an shafe da fenti.

Sai maganar lamba, wadda ni a ganina ita ce asalin cinikin. Za ka ji suna cewa numbers matching, ma'ana injin da giyar da ke cikin motar su ne ainihin waɗanda ta fito da su daga masana'anta, don daga wajen 1968 ana buga wani sashe na lambar shasi a jikin injin. In lambobin sun yi daidai farashi ya tashi, in an taɓa canza injin ya faɗi, ko da sabon ya fi lafiya. Kuma akwai algus sosai. Chevelle SS ta 1970 misali, lambar shasinta ba ta nuna cewa SS ce, wato samfurin mai ƙarfi da tsada, saboda haka mutum zai iya ɗaukar Malibu, wato Chevelle ta gama-gari, ya manna mata tambari da zane ya ce ga SS. Abin da ke raba gardama wata 'yar takarda ce mai jerin kayan da aka saka wa motar, wadda ma'aikatan kamfani kan bari a cikinta lokacin haɗa ta, wani lokaci a cikin sifirin ɗin kujerar baya ko saman tankin mai, shi ya sa za ka ga mutum ya cire kujera yana lallaɓa wata takarda da ta yi ja ta kusa ruɓewa kamar ya samu zinari.

Kuɗin da ake ji a gwanjo shi ke ruɗar mutane. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon kamfanin Mecum a birnin Seattle, amma irinta da aka ƙera a shekarar ba su kai 15 ba. Yawancin abin da ke cikin rumfuna motoci ne na gama-gari, wanda in ka biya an yi maka aikin daga farko har ƙarshe, da ƙyar ka mayar da kuɗinka in ka tashi sayarwa. Wasu ma ba sa damuwa da asali, sai su saka injin zamani da birki mai kyau da esi, su kira ta restomod, 'yan gargajiya kuma su yi ta tsaki.

Abin dariyar shi ne yanzu ita kanta ƙurar ta zama kaya. Mai sayarwa ba ya wanke motar, haka zai ɗora ta a tirela ya kai gwanjo da yanar gizo-gizonta, don ƙurar ce shaidar ba wanda ya taɓa ta. Har ta kai masu saye na zargin wasu da tura mota cikin rumfa su bar ta ta yi ɗan datti, su ɗauki hoto, su rubuta barn find a talla.