Waiwaye: Yadda masu duba yanayi suka samu ikon tsayar da roka

Ranar 27 ga Mayu, 2020, 'yan sama jannatin Amurka Bob Behnken da Doug Hurley na ɗaure a kujerunsu cikin kumbon Crew Dragon, ana ɗura wa rokar Falcon 9 mai, agogo na ƙirge baya-baya. Saura kimanin minti 17 a tashi aka ce a tsaya. Injin lafiya lau, 'yan sama jannatin ma haka. Gajimaren da ke bisa Cape Canaveral, wurin harba rokoki a jihar Florida, ne ke ɗauke da lantarkin da ya wuce abin da doka ta yarda da shi. Sai ranar 30 ga wata suka tashi. Da yawa daga cikin masu kallo sun yi ƙorafi, suna cewa ai hadarin ya kusa washewa, me zai hana a ɗan jinkirta? Rokar da za ta Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ba ta da wannan sukunin, domin lokacinta ƙayyadadde ne, daidai sa'ad da hanyar tashar ta ratsa ta saman wurin harbi. In ya kuɓuce, sai wata rana.

Wannan tsantseni yana da asali. A ranar 14 ga Nuwamba, 1969, an harba kumbon Apollo 12 mai zuwa duniyar wata daga Cibiyar Kennedy da ke Florida ana yayyafi, Shugaban Amurka Nixon na cikin 'yan kallo. Ba a ga walƙiya a kusa ba, don haka ba wanda ya ga dalilin fasawa. Daƙiƙa 36 da tashi tsawa ta faɗa wa rokar, a daƙiƙa ta 52 ta sake. Na'urorin da ke ba kumbon wuta suka katse, fitilun gargaɗi suka kama ko'ina a gaban kwamandan tafiyar Pete Conrad, bayanan da ke isa cibiyar kula da tafiyar a Houston suka zama shirme. Wani matashin injiniya a Houston, John Aaron, ya taɓa ganin irin wannan ruɗani a wani gwaji, sai ya ce a juya wani ɗan makunni da ba kowa ya san da shi ba. Ɗan sama jannati Alan Bean da ke cikin kumbon ya tuna inda makunnin yake, ya juya, bayanai suka dawo, tafiya zuwa duniyar wata ta ci gaba.

Abin da bincike ya gano shi ne ginshiƙin lamarin har gobe: rokar ce ta jawo tsawar da kanta. Saturn V, rokar da ta ɗauki Apollo 12, ƙarfe ne mai tsawon mita 110, ga doguwar jelar wuta da hayaƙi a bayansa wadda lantarki ke iya bi. Idan irin wannan abu ya kutsa cikin gajimare mai ɗauke da caji, sai ya zama tamkar waya da aka miƙa daga sama zuwa ƙasa. Gajimaren da ba zai taɓa yin walƙiya don kansa ba yana iya yi saboda roka. Shi ya sa mai kallo zai ga gari shiru, ba cida ba rugugi, amma a ce masa yanayi bai ba da hanya ba.

Darasin bai zauna daram ba sai da aka yi asara mai ciwo. Safiyar 28 ga Janairu, 1986, sanyi ya sauka a Florida har ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiyar da za a harba kumbon Challenger. A daren da ya gabata injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokokin gefen kumbon, ciki har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin gefe zai ƙage a irin wannan sanyi, domin ba a taɓa tashi da shi ƙasa da kimanin digiri 12 na ma'aunin Salshiyas ba. Shugabanni suka danne maganarsu. An harba Challenger sanyin na wajen digiri 2, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum bakwai, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. A nan ba ilimi aka rasa ba. An san haɗarin, an faɗe shi a fili, matsin lambar cika alkawarin lokaci ne ya rinjayi masu sani, kuma wannan ne ya fi sosa rai a labarin.

Wata 14 bayan haka, ranar 26 ga Maris, 1987, aka maimaita kuskuren Apollo 12 kusan sak. An harba rokar Atlas-Centaur mai ɗauke da tauraron sadarwa na sojan ruwan Amurka cikin ruwan sama da gajimare mai kauri. Ba a cika minti ɗaya ba tsawa ta rikita kwamfutar da ke tuƙa ta, ta kauce hanya, ta fara wargajewa, jami'in tsaro ya aika umarnin a tarwatsa ta. Bayan wannan ne aka tara masana lantarkin sararin sama suka sake rubuta dokokin da ake bi yanzu.

Dokokin ba su bar wa son zuciya gurbi ba. Idan an ga walƙiya cikin tazarar kimanin kilomita 18 daga hanyar roka, sai a jira minti 30. Ba a ratsa gajimaren da kaurinsa ya kai wajen mita 1,370 matuƙar ya taɓa inda ruwa ke daskarewa. An baza na'urori a faɗin filin suna auna cajin da ke cikin iska, ana kuma sakin balan-balan don sanin ƙarfin iskar can sama, wadda kan iya karya roka lokacin da take shan matsi mafi tsanani. Rundunar hasashen yanayi ta 45 ta sojan sararin samaniyar Amurka ce ke da wuƙa da nama a wannan fanni. Adadin da take fitarwa, misali kashi 40 cikin 100, na nufin yiwuwar yanayi ya saɓa wa dokokin a lokacin tashi, ba hasashen saukar ruwa ba ne. Idan kuma da mutane a ciki, ana duba igiyar ruwa da iska a tsawon tekun Atlantika har kusa da Ireland, inda kumbon zai iya faɗawa in an yi gaggawar raba shi da roka.

Akwai masu cewa an cika tsanantawa, suna kafa hujja da rokar Soyuz ta Rasha da tsawa ta buga a Plesetsk a watan Mayun 2019 amma ta kai tauraronta lafiya. Gaskiya ne, kuma kowane ɗagewa kuɗi ne masu yawa. Sai dai tsira sau ɗaya ba ta zama doka, Apollo 12 ma ai ya tsira. A 2022 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta janye katafariyar rokar Artemis I daga dandalin harbi zuwa rumfar haɗa ta saboda guguwar Ian, ta bar ta a waje lokacin guguwar Nicole bayan ta auna ƙarfin iskar, sannan ta harba ta ranar 16 ga Nuwamba.