Katin ƙungiyar mafarauta ba lasisin bindiga ba ne

Tun bayan kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, magana biyu ke yawo a wayoyin mutane. Wasu na cewa an haramta bindigar toka gaba ɗaya, wasu kuma na cewa wanda ke da katin ƙungiyar mafarauta ya riƙe kowace bindiga ya ga dama. Duka biyun ba haka doka ta ce ba.

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku, kuma ba ta ware mafarauci daga manomi ko ɗan sintiri ba. Bindigar toka, wato adaka da 'yan uwanta da ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce mafi sauƙi: kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke da ikon cewa sai da lasisi za a riƙe ta. Saboda haka kafin ka ƙetara wata jiha da ita, bincika. Mai baki ɗaya da mai baki biyu masu cin harsashi kuwa, lasisinsu na Sufeto Janar ne, kuma riƙe su babu shi na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5.

Inda ake ruɗewa shi ne gida na uku. Duk wanda ya taɓa ganin ɓauna da rauni ya san ba ta gudu ta bar ka, laɓewa take a cikin ciyawa ta jira. Ka harba adaka ka kuskure, kafin ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da sanda, ta iso. Shi ya sa samarin mafarauta ke kwaɗayin bindigar nan, wato pump action, da ake jan hannunta ta ɗana wani harsashin da kanta. To ita doka ta fitar da ita daga sahun bindigogin farauta, ta koma layin fistol da bindigogin soja. Lasisinta sai Shugaban Ƙasa, hukuncin riƙe ta babu shi kuma ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Lura, bai gaza ba aka ce. Katin ƙungiya, ko da hatimin Sarkin Baka a kai, shaida ce kawai ta sana'arka, ba ya rage ko kwana ɗaya.

Ni dai ina ganin da ɗan nauyi a haɗa mai tsoron ƙahon ɓauna da ɗan fashi a ma'auni ɗaya, amma a halin da dazukanmu ke ciki, ɗan sandan da ke shingen bincike ba shi da hanyar bambance su.

Kuma ko lasisin na hannunka, bai ba ka izinin shiga Yankari farauta ba, balle taɓa giwa. Wannan wata dokar ce daban, da nata hukuncin.