Zaɓen hanyar saƙo a ragar sadarwa mai ƙarancin wuta

Ragar sadarwa mai ƙarancin wuta tsari ne da ƙananan na'urori marasa waya, irin su mitar lantarki da na'urar auna zafi, ke miƙa wa juna saƙo zango-zango har ya isa inda aka nufa. Rediyon kowacce ba ya kai wa nesa, sai dai maƙwabciya ta karɓa ta tura gaba. Zaɓen hanya shi ne dabarar tantance maƙwabciyar da za a damƙa wa saƙon.

Da yawansu kan ƙa'idar IEEE 802.15.4 ta 2003 aka gina su. A mitar rediyo ta 2.4 GHz gudunta kilobit 250 ne a daƙiƙa, ƙunshin saƙo kuma ba ya wuce bayit 127. Rediyo ne ke shanye batir, ko da sauraro kawai yake yi, shi ya sa dabarar kirki a nan ita ce mai taƙaita surutu tsakanin na'urori.

A 2012 hukumar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da RPL, wata ƙa'idar zaɓen hanya don irin wannan raga. Akwai na'ura guda da ake kira tushe, ita ce ƙofar fita zuwa intanet. Kowace na'ura tana da lambar matsayi da ke ƙaruwa gwargwadon nisanta da tushen, sai ta ɗauki wata mai ƙaramar lamba a matsayin uwa, ta riƙa bi ta kanta. Idan al'amura sun daidaita, wata dabara mai suna Trickle takan riƙa ninka tazarar lokacin da ke tsakanin sanarwar matsayi da na'urori ke yi wa juna; da an ga saɓani sai tazarar ta koma gajeriya. Ba kullum gajeriyar hanya ce ta fi ba. Zango biyu da saƙo ke yawan ɓacewa a kai, ana ta maimaita aike, suna iya fin zango huɗu masu kyau cin wuta, don haka akan auna yawan aiken da ake sa ran yi kafin saƙo ya tsallaka.

Zigbee, wani tsarin irin wannan raga, kan nemi hanya ne idan buƙata ta taso, bisa salon da ake kira AODV. Bluetooth Mesh na 2017 kuwa da yaɗawa ya faro: masu miƙawa su sake watsa saƙo har adadin zangon da aka ƙayyade masa ya ƙare. Akwai sauƙi, amma iska kan cunkushe.

Na'urorin da ke kusa da tushe su ke ɗaukar kayan kowa, batirinsu ne kan riga mutuwa. Saboda haka a Zigbee da Thread, wani tsarin makamancinsa, masu miƙa saƙo galibi a jone suke da lantarki, masu batir kuma su yi barci, su farka jifa-jifa su tambayi uwarsu ko an ajiye musu saƙo.